Edmond Becquerel: Matashin da ya gano wutar sola yana ɗan shekara 19, amma sunan ɗansa ya danne nasa

Duk wanda ya juya wayarsa ya ƙura wa tocilar da ke bayanta ido alhali tana kashe, zai ga wani ɗan ɗigo ruwan ɗorawa a ƙarƙashin gilashin. Ba ado ba ne. Ainihin ƙwan da ke ciki shuɗin haske yake fitarwa. Wannan ɗigon ne ke shanye wani kaso na shuɗin ya mayar da shi ruwan ɗorawa, launukan biyu su gauraya, ido ya ga fari.

Farantin solar da ya yi wa wayar caji kuwa wani aikin yake yi, wato karɓar hasken rana ya mayar da shi lantarki.

Idan aka bi sawun waɗannan fasahohi biyu, za a tarar sun haɗu a hannun mutum ɗaya, wani Bafaranshe mai suna Alexandre-Edmond Becquerel, wanda ya rasu tun 1891 ba tare da ya ga ko ɗaya daga cikinsu yana aiki a gidan kowa ba.

Ɗaliban kimiyya sun san sunan Becquerel, sai dai galibi ɗansa Henri suke nufi, wanda ya samu kyautar Nobel. Uban ya kasance a tsakanin mahaifi mai suna da ɗa wanda ya fi kowa suna a gidan.

Gidan gado

An haifi Edmond a birnin Paris ranar 24 ga watan Maris na 1820.

Mahaifinsa, Antoine César Becquerel, injiniyan soja ne da ya yi yaƙi a Sifaniya a rundunar Napoleon. Bayan ya tuɓe kaki a 1815 sai ya koma binciken lantarki da yadda yake aiki a cikin sinadarai, ya kuma yi nisa a fannin har Birtaniya ta ba shi lambar yabo ta Copley a 1837.

A 1838 aka ba shi kujerar farfesan fiziks a gidan adana tarihin halittu na ƙasa da ke Paris. Sunan wurin na iya ruɗar mutum, domin ba ƙasusuwa da busassun ganyaye kaɗai ake ajiyewa a ciki ba. Cibiyar bincike ce mai ɗakunan gwaje-gwaje, kuma a wancan zamani farfesoshi na zaune da iyalansu a harabar.

Edmond ya samu gurbin karatu a manyan makarantun Faransa biyu da kowane matashi ke mafarkin shiga, École Polytechnique da École Normale. Bai je ko ɗaya ba. Ya zaɓi ya zama mataimakin mahaifinsa a ɗakin gwaji.

Wannan zaɓi ya ba shi abin da sa'o'insa ba su da shi: kayan aiki masu kyau tun yana yaro, musamman ma'aunin lantarki mai allura da ke iya nuna wutar da ba ta taka kara ta karya ba. Ya kuma ɗora masa wani nauyin, domin sai da ya shekara 40 yana jira kafin kujerar ta zama tasa.

Allurar da ta motsa

A 1839 babu ƙwan lantarki a gidan kowa a duniya. Batir kansa bai wuce shekara 40 da ƙirƙirowa ba, kuma lantarki abin ɗakin gwaji ne da na nishaɗantar da 'yan kallo.

A wannan shekarar Edmond, yana ɗan shekara 19, ya haɗa wani gwaji mai sauƙin gani. Ya zuba ruwan asid a cikin mazubi, ya raba mazubin gida biyu da wata siririyar fata, ya tsoma ƙarfen filatinam a kowane gefe, ya haɗa ƙarafan biyu da ma'aunin lantarki. Ya bar gefe ɗaya a duhu, ya haska ɗayan da hasken rana.

Sai allura ta motsa.

Abu na farko da mai hankali zai zarga shi ne zafi, tunda an riga an san zafi na iya haifar da lantarki a ƙarfe. A nan ne ƙwarewar yaron ta bayyana. Ya riƙa sauya launin hasken da ke faɗawa kan ƙarfen, ya ga shuɗi da shunayya sun fi ja motsa allurar nesa ba kusa ba, alhali ɓangaren ja ne ya fi ɗauke da zafi. Ke nan hasken ne da kansa ke aikin.

Da ya shafa wa ƙarfen sinadarin azurfa mai jin haske, irin wanda ke yin baƙi idan rana ta taɓa shi, sai wutar ta ƙaru. Ya rubuta sakamakon, aka buga a mujallar Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa a shekarar.

Yau ana lissafa wannan gwaji a matsayin karon farko da ɗan'adam ya ga haske ya zama lantarki kai tsaye. Amma gaskiya ita ce Edmond bai yi tunanin haskaka gari da shi ba. Wutar ba ta kai ta kunna komai ba, kuma a lokacin ba a ma gano ƙwayar lantarki ta elektiron ba, sai a 1897. Shi a fahimtarsa haske ne ke haddasa sauyi a sinadarin, sauyin ya haifar da wuta.

Abin da ya gani a ciki shi ne ma'auni. Tunda allura na ƙara lanƙwasa gwargwadon ƙarfin haske, ana iya auna haske da ita. Ya ƙera na'urar yin hakan, ya daɗe yana amfani da ita.

Launin da ya ƙi zama

Shekarar 1839 ɗin ce dai aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Paris, gari ya ɗauka. Hoton ana ɗaukar sa ne a kan farantin da aka dalaye da azurfa, sannan a turara shi da tururin zaiba kafin surar ta fito. Zaiba guba ce, ta kuma illata masu sana'ar da dama.

A 1840 Edmond ya lura da wani abu. Farantin da bai taɓa ganin haske ba, jan haske ba ya yi masa komai. Amma idan shuɗin haske ya fara taɓa shi ko da kaɗan ne, sai ja ko ruwan ɗorawa su ci gaba da aikin daga inda aka tsaya. Ma'ana, ana iya ɗaukar hoto, a rufe farantin da jan gilashi a shanya a rana, surar ta fito babu zaiba. Har yanzu masu raya wannan tsohuwar sana'a na bin wannan hanya, kuma da sunansa suke kiran ta.

Bayan shekara biyu ya ɗauki hoton hasken rana bayan ya warwatsa shi da gilashi mai kusurwa uku, yadda launuka ke jeruwa kamar bakan gizo. Farantin ya nuna cewa jerin bai tsaya inda ido ya tsaya ba. Bayan shunayya akwai wani dogon yanki na hasken da ba a gani, mai ɗauke da irin siraran layukan da ke cikin wanda ake gani.

Sai kuma 1848, shekarar da ya yi abin da ya fi ba mutanen zamaninsa mamaki. Ya tsoma farantin azurfa a ruwan asid, ya sa lantarki ya yi masa wata siririyar riga mai jin haske, ya haska masa launukan bakan gizo. Ja ya fito ja, kore ya fito kore, shuɗi ya fito shuɗi. Wannan shi ne hoto mai launi na farko da aka samu.

Matsalar ita ce bai samu hanyar tsayar da launin ba. Farantin bai daina jin haske ba bayan an gama ɗaukar hoton, saboda haka hasken da za a kalle shi da shi ne ke cinye shi. Sai a ɓoye shi a akwati, a buɗe na ɗan lokaci a wuri mai duhu-duhu, a mayar. Ga shi kuma ɗaukar hoton wani abu da kyamara ta wannan hanya na cin sa'o'i.

Ya yi ta neman magani bai samu ba, waɗanda suka bi bayansa ma suka yi ta fama. Hatta dalilin da ya sa launukan ke fitowa ya gagari kowa.

Duwatsu masu ƙyalli a duhu

Aikin da ya fi cinye rayuwarsa shi ne na abubuwan da ke shan haske su dawo da shi. Tun ƙarni na 17 Turawa suka san wani dutse daga yankin Bologna na Italiya wanda idan aka gasa shi aka shanya a rana, yakan yi ta ƙyalli a cikin duhu. An daɗe ana kallon irin wannan a matsayin abin al'ajabi kawai. Edmond ya mayar da shi abin aunawa.

A farkon shekarun 1840 ya shafa hodar kalsiyam da farar wuta a takarda, ya sa ta a yankin nan na bayan shunayya inda ido ba ya ganin komai. Hodar ta yi haske. Ta karɓi hasken da ba a gani, ta mayar da wanda ake gani.

A 1852 wani masanin Jami'ar Cambridge, George Stokes, ya ga irin haka a ruwan kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda ke yin shuɗi idan hasken ɓoye ya ratsa shi. Stokes ya tsara abin a matsayin doka: hasken da ke fitowa yana da ƙarancin ƙarfi a kan wanda ya shiga. Dokar ta tafi da sunan Stokes. Edmond ya yi ƙorafin cewa ya riga shi gani da kusan shekara 10, amma sunan ya riga ya zauna.

Akwai kuma saɓani na ilimi a tsakaninsu. Hodar Edmond na ci gaba da ƙyalli bayan an ɗauke mata haske, ruwan Stokes kuwa da an ɗauke yake mutuwa. Shin abu biyu ne daban, ko abu ɗaya ne da tsawon ransa ya bambanta? Edmond ya tsaya a kan cewa abu ɗaya ne, ido ne ba shi da saurin ganin gajeren ƙyalli.

Domin ya gwada wannan, a ƙarshen shekarun 1850 ya ƙera na'urar da ake kira fosforoskof. Faifai biyu ne masu huji a kan sanda ɗaya, ana juya su tare, amma hujin na gaba bai daidaita da na baya ba. Ana sa abin da za a gwada a tsakaninsu. Haske ya shigo ta hujin baya ya bugi abin, faifan ya juya ya toshe hasken, sai hujin gaba ya buɗe wa mai kallo. Duk abin da ido ya gani a wannan lokaci, to abin ne ke fitar da shi da kansa.

Gwargwadon saurin juyawa, gwargwadon gajartar tazarar. Da wannan dabara ya kai ga ganin ƙyallin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, a zamanin da babu wata na'urar lantarki mai auna lokaci. Abubuwa da yawa da ake zaton ba sa ƙyalli sai ga su suna yi: lu'ulu'u, yakutu, wasu gilasai, da gishirin yuraniyum mai fitar da wani kore mai ɗaukar ido.

Ilimin da ya zo daga baya ya nuna cewa akwai bambanci na gaske a yadda nau'o'in ƙyallin biyu ke faruwa a cikin ƙwayar zarra, don haka bai yi daidai ɗari bisa ɗari ba. Amma hanyar aunawar da ya kafa, wato a duba launin da abu ya fitar da tsawon lokacin da ya ɗauka yana dushewa, ita ce har gobe ake fara bi idan an haɗa sabon sinadari mai juya haske.

A daidai wannan lokaci wani mai hura gilashi a Jamus, Heinrich Geissler, ya fito da bututun gilashi da aka zuƙe yawancin iskar cikinsa, wanda ke haske idan aka sa masa lantarki. Edmond ya zuba hodojinsa a irin wannan bututu, ya kuma shafa su a jikin gilashin ta ciki. Suka yi haske.

Bututun ba ya jimawa, hasken kuma ba shi da yawa. Sai a 1938 kamfanin General Electric na Amurka ya fara sayar da dogon ƙwan nan fari da ya cika ofisoshi da asibitoci da makarantu. Tururin zaiba ne ke fitar da hasken ɓoye a cikinsa, farar hodar da ke jikin gilashin ta mayar da shi wanda ake gani. Tsarin dai shi ne na Edmond, bayan shekara 80.

Kujera, da abin da aka bari a aljihun tebur

Ta fuskar muƙami rayuwarsa ba ta da hayaniya. Ya koyar a wata cibiyar nazarin aikin gona a Versailles daga 1849, sannan ya samu kujerar fiziks a makarantar sana'o'i da ƙere-ƙere ta Paris. An zaɓe shi ɗan Majalisar Masana Kimiyya a 1863. Ya tattara bincikensa a littafi mai juzu'i biyu, La Lumière, ses causes et ses effets, wato haske da sabubbansa da tasirinsa, wanda ya fito a 1867 da 1868.

Mahaifinsa ya yi tsawon rai, ya rasu a 1878 yana da shekara 89. Sai a lokacin Edmond ya gaji kujerar, yana dab da shekara 58. Ya rasu a Paris ranar 11 ga watan Mayun 1891.

Wata uku kafin rasuwarsa, Gabriel Lippmann ya gabatar wa majalisar masanan wata hanya ta ɗaukar hoto mai launi wanda ba ya gogewa. Lippmann ya samu Nobel a kan haka a 1908.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Henri, wanda aka haifa a 1852, ya tashi a ɗakin gwajin yana taya mahaifinsa aiki a kan gishirin yuraniyum, ya kuma gaji kujerar. A wancan zamani yuraniyum, irin wanda daga baya aka riƙa haƙowa a Arlit ta Nijar, ba shi da wani amfani da ya wuce rina gilashi da tangaran.

A ƙarshen 1895 Wilhelm Röntgen na Jamus ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Da labari ya iso Paris aka ce hasken na fitowa ne daga wurin da gilashin bututu ke ƙyalli, sai Henri ya yi tunanin ko duk abu mai ƙyalli na fitar da irinsa. Tambaya ce da ɗan gidan Becquerel ya fi kowa kayan amsa ta.

Ya naɗe farantin hoto da baƙar takarda, ya ɗora gishirin yuraniyum a kai, ya shanya a rana. Farantin ya nuna alama. A ƙarshen Fabrairun 1896 ya shirya maimaitawa, sai gajimare ya rufe Paris, ya jefa kayan a aljihun tebur. Ranar 1 ga Maris ya wanke farantin duk da haka, sai ga alama ta fito raɗau. Yuraniyum ba ya bukatar rana, daga cikinsa tiririn ke fitowa.

Wannan ne ya ba shi Nobel a 1903 tare da Pierre da Marie Curie, kuma da sunansa ake kiran ma'aunin tiririn nukiliya. Ɗansa Jean ya riƙe kujerar har 1948. Kaka da ɗa da jika da tattaɓa-kunne, shekara 110 a kujera ɗaya.

Daga mazubin asid zuwa rufin kwano

Gwajin 1839 ya daɗe a kwance. A 1876 wasu Turawan Ingila biyu, William Adams da Richard Day, suka ga haske na haifar da lantarki a sandararren sinadarin seleniyam, babu ruwa babu asid. A 1883 Charles Fritts na Amurka ya ƙera farantin seleniyam da aka lulluɓe da zinariya, amma abin da yake mayarwa lantarki bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na hasken ba.

Sai a 1954 masana uku na ɗakin binciken Bell a Amurka, Daryl Chapin da Calvin Fuller da Gerald Pearson, suka fito da na silikon mai kaiwa kashi 6. Bayan shekara huɗu aka harba tauraron ɗan'adam na Vanguard 1 ɗauke da shi. Farantan da ake sayarwa a kasuwa yanzu na kaiwa kashi 20 da ɗoriya.

Sauran hasken ina yake tafiya? Silikon na da zaɓe. Hasken da ke can ƙasa da ja ba ya iya amfani da yawancinsa, shi kuma shuɗi da na bayan shunayya sun fi ƙarfin bukatarsa, rarar ta zama zafi. Lissafin da William Shockley da Hans Queisser suka yi a 1961 ya nuna farantin da ke da shimfiɗa ɗaya ba zai wuce wajen kashi ɗaya cikin uku ba.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana ke bi don tsallake wannan shinge ita ce a shafa wa farantin sinadarin da zai karɓi hasken da silikon ke ɓarnatarwa, ya juya shi zuwa launin da yake so. Wato hodar Edmond a kan gwajin Edmond. Abubuwa biyu da ya yi bincikensu daban-daban yanzu ana neman aurar da su.

Mazubin ruwan ma ya dawo. A 1991 Brian O'Regan da Michael Grätzel suka fito da farantin sola mai amfani da rini da ruwan sinadari, wanda ya fi kama da na 1839 a kan na silikon. A irin wannan tsari ne ƙungiyar Tsutomu Miyasaka ta Japan ta fara gwada sinadarin ferobiskayit a 2009, inda ta samu kashi 3.8. Yau shi ne sinadarin da aka fi zuba wa ido a fannin, kuma babban ciwon kan masu binciken sa shi ne lalacewa idan ya sha danshi da zafi da haske. Edmond zai gane wannan ciwon.

A 1989, da gwajin ya cika shekara 150, Hukumar Tarayyar Turai ta kafa lambar yabo ta Becquerel ga masu binciken wutar sola. Wannan kam ta uban ce.

Hotunansa na 1848 kuwa wasu sun tsira, saboda an ɓoye su daga haske. A 2020 masana daga gidan tarihin da ya yi aiki da cibiyar binciken kimiyya ta ƙasar Faransa suka sake haɗa irin farantinsa, suka bincika shi da manyan na'urori. Sun gano cewa ƙananan ɓarɓashin azurfa ne, waɗanda ido ba ya gani, ke sauya girma da mazauni gwargwadon launin da ya buge su, daga nan sai su riƙa shanye kowane launi ban da wanda ya haife su. An shekara 172 kafin a samu wannan amsa. Farantan na asali har yanzu a duhu ake ajiye su.